Azumin da Na Yi Kala a La Courneuve

Ƙas. Ƙas-ƙas. Haka shofaj yake yi idan ruwan zafi ya fara bin cikinsa, wannan ƙarfen ɗumama ɗaki da ke manne da bango a ƙarƙashin taga. Ina zaune ina gyaran wake a gidanmu na Lyon, saura ƴan kwanaki a ga watan azumi, sai na ji shi ya yi wannan ƴar ƙara. Nan take ƙamshin tomati mai bushewa ya cika mini hanci, alhali babu ko ɓare ɗaya a ɗakin. Na ajiye faifan a cinyata na ce, ikon Allah, ashe azumi ya sake zagayowa cikin sanyi.

Wancan azumin na sanyi ba a nan ya same mu ba. Muna La Courneuve a lokacin, gefen Paris, cikin dogayen benayen nan da ake ce wa Kat-Mil. Ina da ɗiyata ta fari, wadda muke kira Nana saboda sunan uwar mijina gare ta, tana ajin farko a lakwal, wato makarantar boko, ga kuma goyo. Malam, mijina, yana aikin sauke kaya a babbar kasuwar Rungis, irin aikin da ake kiranka idan ana bukatarka. Ana gab da azumi ruwa ya daskare a matakalar ƙofar gidanmu, santsi ya kwashe shi, ƙugu ya riƙe. Likita ya ce kwanciya, ba ɗaukar ko butar alwala. Aiki ya tsaya cak. An ce akwai taimakon da za a ba mu, amma sai an jira, shi kuwa ciki bai san jira ba.

Sanyin garin nan ba irin wanda na sani a gida ba ne. Jiƙaƙƙe ne. Yayyafi ne siriri da ba ya zuba ba ya ɗaukewa, yana bin wuyan riga yana sauka har gadon baya. Iska kuwa idan ta ratso tsakanin benaye sai ka ji kamar ana yanka kunnenka da reza. Rana ba ta fitowa, sai dai sama ta yi fari-fari ta koma toka. Yinin gajere ne, kafin ka gama la'asar duhu ya fara, har mutane suna cewa ai wannan azumin kyauta ne. Ni dai na san yunwar sanyi daban take. Ba ƙishi, ba bushewar maƙoshi, sai wani rami a ciki.

Da asuba in dama kunun garin semul, wannan tsakin alkama, in saka sukari kaɗan. Da magariba shinkafa da mai da gishiri, idan an samu albasa a yanka rabi a ajiye rabi. Kullum idan na zura gwangwani cikin buhun shinkafa sai hannuna ya ƙara nitsewa. Nana tana cin abincin rana a lakwal, wannan ya rage mini nauyi. Malam kuwa yana kwance ya juya fuska bango, carbi a hannu, idan na kawo abinci ya ci loma kaɗan ya ce ya ƙoshi. Na san ƙarya yake yi, shi ma ya san na sani.

Ranar da aka kai azumin farko aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hajiya Tabawa ce, maƙwabciyarmu ta hawan sama, mutuniyar Damagaram. Dattijuwa ce mai haƙorin Makka, mijinta ya rasu tun kafin mu zo, kullum cikin lafaya mai guga, idan ta wuce sai matakala ta daɗe tana ƙamshin turaren wuta. Duk benen ana ganin girmanta. Ta miƙo mini kwano mai murfi, irin na gida mai jan fure, da zafinsa.

"Ga ɗan abin buɗa baki, ɗiyata. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, Hajiya. Allah ya saka da alheri, ya kai ladan kabarin iyaye."

Tuwo ne da miyar ganye, tattasai ya ji a ciki har ya yi ja. Ranar Malam ya ci ya suɗe hannu. Na wanke kwanon, na goge, na ɗora a kan firigo, wato firiji. Daga nan damuwata ta fara.

Duk wadda aka haifa a gidan Hausa ta san ba a mayar da kwano wayam. Ko ƴar gyaɗa ce, ko ƙosai uku, sai an sa wani abu. Idan kuma kwano ya daɗe bai koma ba, mai shi za ta ɗauka an raina abincinta ne ko ana gudun zumunci da ita. To me zan zuba? Farar shinkafa da mai, in kai wa Hajiya Tabawa? Kwana ya bi kwana, kwanon yana kan firigo yana kallona. Na koma ɓuya. Idan na fito zubar da shara na ji takun silifas ɗinta da ɗan tarinta daga sama, sai in koma ciki da ledar a hannu, in tsaya bayan ƙofa har ta wuce. Ni da ban ci bashin kowa ba, ga ni ina laɓe kamar ɓarauniya.

Wata Juma'a ina dawowa daga wata ƴar hidima a lakwal ɗin Nana da rana, na bi ta kasuwar unguwa daidai lokacin tashi. Ƴan kasuwa suna naɗe rumfuna suna loda motoci. Abin da na gani a gefen hanya ya tsayar da ni. Akwatunan katako cike da tomati da ya ɗan fashe, tattasai mai tabo ɗaya, ganyen shu, wato kabeji, da aka ɓare aka watsar, karoti da ya karye biyu, lemo da ayaba. Sai na tuna da kakata.

A ƙauyenmu, kusa da Tasawa, idan an gama girbi muna bin kakata mu tafi kala. Zangarniyar geron da ta faɗi ba a gani ba, waken da ya ɓuya cikin harawa, gyaɗar da ta tsinke ta zauna cikin ƙasa sai an tona da ɗan itace. Ba abin kunya ba ne ko kaɗan, har matan masu hali suna zuwa don hira. Amma kala tana da doka. Ba a sa ƙafa a gona sai mai ita ya ɗaure daminsa na ƙarshe ya ɗaga murya ya ce, "Na tashi, ku shiga." Wanda ya shiga kafin wannan kalma, sata ya yi. Kuma ba a share gona tas. Kakata takan bugi hannuna ta ce, "Bar wa na baya, bar wa tsuntsu."

Ranar Lahadi na goya yaro, na rufa mana babban kwat ɗin Malam, na kama hannun Nana, na ja kadi, wannan jakar cefane mai ƙafafu. Na ce wa Malam za mu sha iska. Ya dubi taga, ya ga ruwan da ke sauka, ya koma jan carbinsa.

Na samu wuri kusa da rumfar wani mai kayan miya na tsaya. Yana loda motarsa, ni kuma ina jira ya gama ya juyo ya ce ya tashi. Ina ganin wasu tsofaffi da wasu mata suna sunkuyawa suna ɗiba, na ce a raina Allah ya shirye ku, mai kaya bai ba da izini ba. Ruwa ya jiƙa mini kallabi. Yatsun ƙafata suka mutu cikin takalmi. Nana tana ta jan hannuna tana cewa sanyi. Mutumin ya rufe bayan motarsa, ya shiga, ya tafi. Ko kallona bai yi ba. Ina tsaye ina tunanin ko wani babba ne a kasuwar yake ba da izinin, sai ga masu shara da koren kaya, da mota mai haɗiye akwatuna, da tiyo mai feshin ruwa. Kafin in farga sun kwashe komai, sun wanke titi. Ina kallon tomati ɗaya ja wur yana gangarawa cikin kwata.

"Innalillahi," na ce da ƙarfi. "Yanzu duk abincin nan?"

"Kai! Hausa nake ji?"

Na waiga. Wata mace ce gajera mai hular ulu har gira, kadinta cike taf, tana dariya har da riƙe ciki. Ta ce sunanta Rifkatu, daga kudancin Kaduna take, tana karatun aikin jinya. Ta ce tun ɗazu take kallona, ta ɗauka miji nake jira.

"Izini nake jira," na ce. "Bai ce ya tashi ba."

"Wa? Shi mai tumatir ɗin?" Ta sake fashewa da dariya. "Yaya, ai sai ki kai Sallah a nan tsaye. Nan ba gonar babanki ba ce. Ba su magana. Kin ga akwatin da ya jingine a gindin fitila, bai jefa a tsibin shara ba? To shi ne maganarsa. Wanda ya ware ya ajiye gefe, na masu ɗiba ne."

Ta buɗe kadinta ta fara zuba mini a nawa. Na ce a'a, ta ce in rufa mata baki. Ta ɗago wani ƙulli ta ce ga kabeji, na ce shu dai, ta ce mutanen Nijar kun lalace da Faransanci, na ce ku kuma Ingilishi ya cinye ku. Muka taka tare har tashar bas muna ta musu kamar mun shekara da sanin juna. A hanya take ce mini a makarantarsu an koya musu wata kalma ta Turancin Ingila, sikabenja ko me, har yau bakina bai iya ta ba.

"Da ita ake kiran ungulu," in ji ta, "da kura, da kifin da ke cin dattin ƙasan ruwa. Da ita ake kiran mai tonon juji yana neman ƙarfe. Har wani wasan yara na neman abin da aka ɓoye, sunan ke nan. To yau ni da ke mun shiga layi."

Na ce, "Allah ya kiyaye. Su dai bakinsu ne ya talauce. Mu ai kowanne da sunansa. Akwai tsintuwa, akwai tonon bola, akwai kala. Ni kala na zo."

"To Hajiya mai kala, ran Juma'a ki zo da wuri, kuma ki zo da safar hannu."

Duk da haka raina bai kwanta ba. Da Juma'ar ta zo sai da na je gaban mai rumfar, wani Balarabe mai furfura a gemu, na haɗa Faransancina na kwaleji na tambaye shi ko zan iya ɗauka. Ya dube ni kamar na tambaye shi izinin shaƙar iska. Sannan ya ce, "Bismillah, ƴar'uwa, ɗauki," ya tura mini akwatin da ƙafa, ya ƙara da damin wani ganye mai faɗi mai farin kara da suke kira bilet. Rifkatu tana gefe tana cewa, "To, mai gona ya tashi, sai a shiga." Na ɗiba, na bar rabi. Ta ce me ya sa, na nuna mata wata tsohuwar Baturiya da ke tahowa da sanda.

Wahalar tana gida. Ranar Lahadin na ɓoye abin da Rifkatu ta ba ni, na dafa shi a hankali ba a lura ba. Wannan karon kaya sun yi yawa. Na juye su a babban tire a tsakar ɗaki, Malam ya ɗago kai daga katifa. Mutumin da ya yi shekaru yana sauke irin waɗannan akwatuna, kallo ɗaya ya yi musu ya gane.

"Daga ina?"

Na faɗa masa gaskiya.

Ya kawar da kai daga tiren. Sannan ya ce, "Ban ɗauko ki daga gidan ubanki don ki zo Faransa tonon bola ba."

"Ba bola ba ce, Malam. Kala ce. Mai kayan da bakinsa ya ce in ɗauka." Na durƙusa kusa da shi. "Kai ka yi karatun addini, ni ban yi ba. Ka faɗa mini don Allah, haram ne? In haram ne yanzu in mayar."

"Tsintuwa ita ake wa cigiya, don mai ita yana nema," ya ce a hankali, idonsa a rufi. "Abin da mai shi ya bari da niyya, ya kuma yi izini, halal ne. Ba haramcin ke damuna ba."

"Na sani."

Na tashi na shiga kicin na bar shi da tiren. Ina wanke tukunya ina share hawaye da gefen zane, sai na ji ya kira ni. Ya ce in tallafa masa ya jingina da filo, in kawo wuƙa ƙarama da roba biyu. Ya ɗauki tomati ɗaya ya juya shi a hannu, ya shinshina gindinsa.

"Wannan sanyin mota ne ya buge shi, ba ruɓa ba ce. A dafa shi yau. Wancan kuwa zubar da shi, kada ya lalata sauran. Ke ba ki iya zaɓe ba, kin kwaso har da gawa."

Tun da ya kwanta ban ji ya tsokane ni ba sai ranar.

Haka muka samu sana'a. Ni in je in kawo, in wanke da ruwan ɗumi da gishiri har sau biyu. Shi ya yanke tabo, ya ware na yau da na gobe. Nana tana tsinke ganye daga kara. Abin da ya fi ƙarfin tukunya kuwa, da yake babu rana, shofaj ya zama ranarmu. Shi kaɗai ne abin da bai yanke mana ba a gidan nan. Na shimfiɗa tsabtataccen ƙyalle a kansa, na jera yankakken tomati da tattasai, suna yamushewa a hankali har su zama kauɗa. Ɗakin ya ɗauki wani ƙamshi mai ɗan tsami da zaƙi, ya kama labule, ya kama kayan sawa. Tagogi suka yi gumi. A waje ruwa yana ta sauka, mu kuwa a ciki kamar rumbu.

Yanzu a nan Lyon, Nana da ta zama uwar ƴaƴa tana fita ranar Lahadi da wasu matasa, sanye da riguna iri ɗaya, su bi rumfunan kasuwar bakin kogi su karɓi abin da ya rage. Suna da tebur, suna da shayi a fulas, suna jera kayan kamar kanti, kowa ya zo ya ɗauka, har hoto suke yi su sa a waya. Ƴan kasuwa da kansu suke kawo musu. Mu a lokacinmu kai a sunkuye ake yi, kallabi a ja har goshi, ana sauri kafin masu tiyo su iso.

To, saura kwano. Azumi ya riga ya raba tsakiya, yana nan kan firigo. Ranar wata Lahadi na samu bilet mai kyau, da ganyen karoti, da albasa, da tattasai ja da kore. Na ce yau ko a mutu ko a yi rai. Na turara garin semul a tukunyar kuskus, na yanka ganyen siriri na haɗa, na sake turarawa. Na daka ɗan guntun ƙuli-ƙulin da na zo da shi daga gida nake ta ɓoyo, na soya albasa da kauɗar tomatina cikin man da ya rage. Dambu ya tashi, yana warwarewa ɗaya-ɗaya, kore da ja. Malam daga ɗaki ya ce, "Wannan ƙamshin zai karya wa mutum azumi."

Na cika kwanon Hajiya har murfi yana ɗagawa. Amma ƙafata ta ƙi hawa benen. Ina tsoron ta tambaye ni, ga azumi a bakina ba zan yi ƙarya ba, in kuma na faɗi gaskiya, wa ya sani? Mace mai haƙorin Makka ta ji an kawo mata abin da aka tsinto a titi. Wataƙila ta karɓa da murmushi ta juye a shara. Wataƙila gobe duk matan benen su ji.

Na kira Nana, na gyara mata ɗankwali, na ɗora mata kwanon a hannu biyu da tsumma.

"Ki yi sallama, ki durƙusa, ki ce in ji Mama a yi haƙuri kwano ya daɗe. Ki juyo. Kada ki zauna, kada ki yi surutu. Kin ji?"

"Na ji."

Na tsaya a bakin ƙofa ina jin takunta tana hawa a hankali. Na ji an buɗe, na ji an rufe. Shiru. Na koma na jera kofuna, na dawo. Na duba yaro, na dawo. Hasken taga ya koma toka mai duhu, lokacin shan ruwa ya matso, yarinya ba ta sauko ba. Malam ya ce in zauna, zirga-zirgata tana sa masa jiri. Na zauna, na karanta duk abin da ya zo bakina.

Can sai ga ta, kumatu a kumbure da dabino, wani kuma a dunƙule a hannu.

"Me ya zaunar da ke?"

"Hajiya ce ta ce in zauna. Ta buɗe ta shinshina. Ta ce ina kika samu ganye mai kyau haka."

Na riƙe kafaɗarta. "Sai kika ce me?"

"Na ce a kasuwa, in an tashi. Na ce mai gemu yana ajiye mana a gindin fitila, kuma Baba ne yake yanke ruɓar."

Na dafe kai da hannu biyu. Malam ya rufe ido. Na sake tambayarta.

"To... me ta ce?"

Nana ta tofar da ƙwallon dabino a tafin hannunta, ta dube ni tana mamakin abin da ya same ni.

"Dariya ta yi ta yi har ta share ido. Ta ce in faɗa miki ran Juma'a ki ƙwanƙwasa mata ku tafi tare. Wai ita can wata kasuwa mai nisa take zuwa don kada ƴan gidan nan su gan ta, kuma gwiwarta ta gaji da hawan jirgin metro."